Abin da Fishel Ke Faɗa a Daji

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 1997

Kwana biyar ke nan, har yanzu in na rufe ido muryarsa nake ji tsakanin itatuwa. Gara in rubuta ko zan samu sauƙi.

Talatar da ta wuce na bi mijina daji.

Ba wai ban san yana zuwa ba. Tun ranar da mai haɗa aure ta zauna a falonmu a Washington Heights ta faɗa, tana rage murya kamar mai faɗin wata cuta: "Yaron kirki ne, gidan burodi yake aiki a Monsey. Sai dai fa irin mutanen nan ne masu shiga daji su yi wa Ubangiji magana da bakinsu, awa guda kullum." Papa ya tsuke baki. Ni kuwa a ranar na amince a raina, tun ban gan shi ba. Namiji shi kaɗai cikin itatuwa! Na karanta irinsa ya fi sau ashirin a 'yan littattafan da nake arowa a laburare, kuma kullum shi ne wanda in ya buɗe baki a babin ƙarshe, sai mace ta nemi wurin zama.

Wata takwas da aure, Fishel bai buɗe ba. "Sannu." "Da daɗi." "Na tafi shul," wato majami'armu ta Yahudawa. Shi ke nan. Amma ƙarfe uku in ya yi wanka ya kakkaɓe fulawa sai ya ɗauki kwat ya fita, ƙarfe huɗu ya dawo murya a dishe, ido ja, yana murmushi shi kaɗai. A littattafaina, namijin da ke dawowa gida da irin wannan murmushin, to akwai wata. Har suna na raɗa mata. Har da jan gashi na ba ta.

Na bar shi ya wuce tankin ruwa sannan na bi. Busassun ganye sai ƙara suke a ƙarƙashin takalmina. Ya tsallake rafi, ya zauna kan wani icce da ya faɗi, ya tura hula baya. Na laɓe bayan dutse ina jiran mai jan gashi.

Sai na ji ya ce, "Tatte, ga ni. Fishel ne kuma. Na ɗan makara, tanda ta biyu ce ta sake yin halinta."

Tatte. Yadda yaro ke kiran babansa. Daga nan bai ƙara yin shiru ba. Labarin ƙullun burodi da ya ƙi tashi, labarin abokin aikinsa mai ciwon baya, wani tsoro da ya tashi da shi da safe bai san dalili ba. Yana yi yana wasa da hannu. Har barkwanci ya yi, ya yi wa kansa dariya. Fishel!

Sannan ya zo kaina. "Tirza ta sake ƙona albasa jiya. Hannu ɗaya na juya tukunya, ɗaya na riƙe da littafi, sai ta fashe da dariya ita kaɗai. Tatte, Ka ji dariyar nan? Na tsaya bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa don kada ta ji ni ta daina."

Ban san ya tsaya ba. Da ya shigo ranar, abin da ya ce da ni shi ne, "Ana ƙauri."

Babu wata mace. Da ma macen ce, da na san abin da ake yi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na ƙirga. Kalma goma sha ɗaya ya yi min yau, huɗu a kan shara.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na kira gida, Papa ya ɗauka. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye shi ko ya taɓa ƙara wani abu nasa a addu'ar tsaye. Ai akwai gurbi a ƙarshenta, kafin mutum ya ja taku uku baya, inda aka halatta kowa ya faɗi abin da ke ransa.

"An halatta," in ji shi. "Ba a ce dole ba. Malamai sun auna kowace kalma ta siddur, littafin addu'armu, kamar mai auna magani. Lafiya tana ciki, abinci yana ciki, gafara tana ciki. Me zan ƙara, rahoton yanayi? Wannan tambayar mijinki ce ko taki?"

Na ce tawa ce.

"To ki karanta abin da ke gabanki, ki san ma'anarsa. Ya ishe ki aikin shekara tamanin."

Papa minti shida yake yi a addu'ar tsaye, ba biyar ba, ba bakwai ba. Ina yarinya ina duba agogon bango. Ni ma haka na tashi. Ban taɓa tsallake harafi ba, ban kuma taɓa ƙara ko ɗaya ba. In na zo gurbin nan sai in wuce shi da sauri, kamar ƙofar ɗakin da ba nawa ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Shabbos, hutun Asabar da ke farawa yammacin Juma'a, a gidan surukata Braina. Ta ce in riƙa ce mata Mame yadda Fishel ke yi, har yanzu bakina na sarƙewa.

Huɗu da minti ashirin da bakwai ne lokacin kunna kyandir. Tun da kwata nake tsaye da ashana a hannu. "Ku dubi 'yar agogo," in ji ta. "Tirzale, Ubangiji ba jirgin ƙasa ba ne, ba zai tashi Ya bar ki ba."

Muka kunna, muka rufe fuska da tafin hannu. Na yi albarka, na karanta 'yar addu'ar da ke littafi, na buɗe ido. Ita kuwa yanzu ta fara. Minti goma cur tana raɗa a cikin hannuwanta, kafaɗunta na rawa. Ina jin sunaye ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yanta tara, jikoki, har da maƙwabciyar da ba sa ga maciji da juna. Da ta sauke hannu fuskarta sharkaf, ta jawo hanci ta ce, "To, na zuba Masa. Wa ya duba kugel ɗin da ke gasuwa a tanda?"

Na tambaye ta me take cewa haka da yawa.

"Me nake cewa? Abin da ya zo! Yau har na gaya Masa gwiwata. Ke me kike cewa?"

"Abin da aka rubuta."

"Ai Ya karanta wannan, 'yata. Shi Ya fi kowa saninsa." Ta ja min kunci ta wuce kicin.

Gida guda ne duk sun iya. Ni kaɗai ce bare.

Da mazan suka dawo daga shul aka tsaya a tebur, Fishel da babansa da yayyensa suka rera waƙar yabon mace ta gari, wadda kowane miji ke rera wa matarsa daren Shabbos. Da ina jiran ta duk mako. Wannan karon ta taga ina jiyo maƙwabta suna rera tasu, kalma ɗaya, murya ɗaya, gida bayan gida har ƙarshen layi. Wato ni aka ba ni abin da aka buga a littafi, wanda matar kowa ke samu. Kalmomin da ya ƙera da kansa a kaina, masu ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu, su kuma ya kai daji.

Ya kalle ni yana rerawa, kunnuwansa sun yi ja. Na kalli gishiri.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na sake zuwa. Na san. Kada a ce min komai.

Yau ƙorafi ya yi ta yi. Wai takalminsa na hagu ya fashe, ruwan rafi na shiga, yana wuni da jiƙaƙƙiyar safa. Wai miyar kazata gishiri ya yi mata yawa har harshensa na tsagewa, amma ba zai iya faɗa ba don ina zuba masa ido in ya kai cokali baki. Wai yana marmarin tuffa da aka gasa da kirfa irin wadda kakarsa ke yi, bai san me ya tuno masa ba.

Sai ya gyara hula. Na ɗauka ya gama.

"Tatte, tsoronta nake ji. In na shigo sai ta ɗago daga littafi ta kalle ni kamar tana jiran in faɗi wani abu babba. Ina jin sa a nan, a maƙogwaro. Sai in ce mata shara ta cika."

Na dawo ta bayan makarantar 'yan mata don kada mu haɗu. Ban yi kuka ba. Haushi na ji. Wa ya fi cancanta ya ji wannan, ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ko Wanda Ya riga Ya sani?

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na bar littafin da nake karantawa a buɗe a kan matashinsa, daidai shafin da likitan jirgin ruwa ke gaya wa gwauruwar abin da ya ɓoye shekara bakwai. Na dawo na tarar ya rufe shi, ya saka min takardar burodi a wurin don kada in ɓata shafi, ya ajiye shi a gefena.

Mutumin kirki. Kamar in shaƙe shi.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na lalata komai. Bari in bi shi daki-daki.

Ranar Laraba na rage gishiri. Ranar Alhamis na kai takalmin wurin mai gyara Fishel na barcin rana, na mayar inda yake. Jiya Lahadi na gasa tuffa da kirfa. Ban san me nake nema ba. Wataƙila so nake ya dube ni ya ce, ke kin san raina.

Ya ga tuffar ya tsaya cak. Ya ɗauki cokali, ya ajiye. Idonsa ya ciko.

"Tirza," ya ce, "zan gaya miki wani abu." Na ce yau ce ranar.

"Abu uku na ambata wa Ubangiji ranar Talata. Ƙanana, ban ma roƙa ba, faɗa kawai na yi. Ukun duka! Shekara shida ina zuwa dajin nan, wani lokaci sai in ji kamar da itatuwa nake magana. Yanzu dubi." Ya nuna tuffar. "Yana ji, Tirza. Har takalmi Yana ji."

Magana mafi tsawo da ya taɓa yi min ke nan, kuma ita ma a kan Wani ce. Ni na tsaya layi wurin mai gyaran takalmi cikin sanyi, ni na ƙona yatsa a tanda, godiyar kuma ta wuce ta saman kaina.

"Ni ce!" na ce. Har cokali ya faɗi. "Ni ce na ji! Ina bayan dutse. Sau biyu. Ba mala'ika ne ya ɗinke maka takalmi ba, tsohon nan ne na kusa da kantin kifi!"

Ban taɓa ganin fuska ta mutu a gabana haka ba.

"Kin ji duka?"

"Na ji abin da ya kamata a ce ni aka gaya wa. Me ya sa Shi kake gaya wa dariyata? Dariyar wa ce?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan a hankali ya ce, "Shi ba Ya jiran in yi magana irin ta littafi."

Ya cinye tuffar tas, don ba ya barin abinci. Ya yi albarkar bayan ci daga siddur, kalma-kalma, ya tashi.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ƙarfe uku ta yi bai fita ba. Jiya ma haka. Ya zauna a kicin da kwat a kan cinya har huɗu, sannan ya tafi shul.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Na ce masa, "Ba za ka je ba?" Ya ce ya gwada ranar Litinin. Ya zauna kan iccen, ya ce Tatte, sai ya ji kansa yana waiwayen dutse. Ko kurege ya taka ganye sai bakinsa ya rufe.

"Ba fushi nake ba," in ji shi. Na fi son a ce fushin yake.

To ga shi, na samu awar. Yana zaune gabana daga uku zuwa huɗu, nawa ni kaɗai, muna sauraron firiji.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Jiya a shul na ɗaga gefen labulen sashen mata na leƙa. Da in an yi addu'ar tsaye Fishel ne na ƙarshe, kowa ya gama ya zauna shi yana nan tsaye, lulluɓe da mayafin addu'a, yana lilo. Jiya yana cikin na farkon da suka ja taku uku baya. Na duba agogon bango ban yi niyya ba. Minti shida.

Papa zai yi murna.

Mame ta tare ni a matakala. "Me ya sami ɗana? Ya zama kamar burodin Shabbos da aka manta ba a sa wa yis ba." Na ce gajiya ce. Ta dube ni sama da ƙasa. "Tun yana shekara huɗu ba ya magana, Tirzale. Likita muka kai shi. Dajin nan ne ya buɗe masa baki, sai na ce to, ko da wa yake yi, ya dai yi. Ku biyu kuka sani." Ta gyara min ɗankwali ta tafi.

Talata, 25 ga Nuwamba

Mutti, mahaifiyata, ta kira. Uwa ba a ɓoye mata murya. Ta ce in zo ranar Litinin mai zuwa in yi mako biyu ko uku, in huta, ɗakina na nan yadda na bar shi. Ba ta ce komai a kan Fishel ba, ta dai ce, "Mutanen nan da zafinsu, ba kowa ke iyawa ba."

Na fito da jaka. Littattafai biyar na fara sakawa, sannan na tuna ban sa kaya ba.

Na gaya masa. Ya ce, "To." Can kuma ya ce, "Motar tara da rabi ta fi sauƙi."

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Na kai babin ƙarshe. Likitan ya yi magana shafi uku ba numfashi. Yau ne na fara tunanin ko wa ya gasa wa gwauruwar burodi duk shekara bakwai ɗin.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Ranar Juma'a mu biyu ne a gida. Ya tafi shul, na kunna kyandir huɗu da minti goma sha ɗaya, na rufe fuska, na yi albarka. Na zo zan sauke hannu, hannun ya ƙi.

Ba addu'a na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Faɗa ne. Na ce, Kai kana da duniya gaba ɗaya, kowane shul cike yake da masu yi Maka magana sau uku a rana, ni mutum ɗaya gare ni, shi ma Ka ɗauke bakinsa. Na ce ba adalci ba ne. Na faɗi maganar waƙar, na faɗi maganar tuffa. Na ce ni ma ban iya magana ba, duk abin da na sani na soyayya aro na yi daga laburare, ana mayarwa bayan mako uku. Ban san daga ina wannan ta fito ba.

Can sai na ji ina cewa, to na ji, riƙe awarka. Ka mayar masa da ita. Ban iya ganinsa haka.

Da na buɗe ido kyandir sun ragu da kusan gaɓar yatsa. Ban duba agogo ba. Hancina na zuba kamar na Mame. Abin kunya.

Ya dawo, ya tsaya a kan tebur ya rera waƙar, shi kaɗai, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya kai ƙarshe, ya kamata ya ɗauki kofin inabi. Bai ɗauka ba. Ya tsaya yana kallon burodin da aka lulluɓe.

"Idonki ya kumbura," ya ce.

"Albasa ce."

"Ba ki yanka albasa ba yau. Da na ji ƙauri."

Na yi dariya ba shiri, da majina da komai. Ya ɗago ya kalle ni, ya ci gaba da kallo, bai ɓuya bayan ƙofa ba. "Ita ke nan," ya ce. "Ita nake nufi." Sai ya yi sauri ya ɗauki kofin, har inabi ya zube a kan farin mayafin tebur.

Kalma shida. A littafi ko layi ba za su cika ba. Na yi ta juya su duk Shabbos.

Litinin, 1 ga Disamba

Motar tara da rabi ta tafi. Na ce wa kaina akwai ta yamma.

Ƙarfe uku saura ya zauna a kicin da kwat a cinya kamar kullum. Na shiga ɗaki na kwaso takalmana duka, na fita da na Shabbos da na ruwa, na zuba a jakar leda na ɗora masa a kan kwat ɗin.

"Mene ne wannan?"

"Tafi da su. Ƙanƙara ta kwanta a waje, ba zan bi ka da safa ba."

Ya leƙa jakar, ya dube ni. Kunnuwan nan suka yi ja. "Silifas fa?"

"Fishel, tashi ka tafi kafin in canza ra'ayi."

Ya zaro ƙafa ɗaya na kowanne ya bar min sauran, wai nauyi. Ta taga na ga shi ya nufi tankin ruwa yana lilo da jakar. Ko ya iya buɗe baki yau, ban sani ba, ba kuma zan tambaya ba. Ya dai dawo huɗu da kwata, murya a ɗan dishe. Har yanzu in na tuna akwai abin da aka faɗa a can wanda ba zan taɓa ji ba, wani abu na tsunkulina a ƙirji. Tsunkulin bai tafi ba. Ban ce ya tafi ba.

Awar da ba ya nan ban buɗe littafi ba. Na zauna kan kujerarsa a kicin, ƙafa ba takalmi. Ba Tatte na ce ba, wannan nasu ne, bakina bai saba ba. Na dai ce, ni ce, Tirza, ta ranar Juma'a. Sauran ba na littafin nan ba ne.

Na kwashe kayan jaka na mayar cikin kabad. Na kira Mutti na ce mata ba zan zo ba.